Yadda Za Ka Horar da Kunnenka Kan Wasulan Turancin 'Yan Pakistan

Bahaushe yana cin karo da Turancin Pakistan fiye da yadda yake zato. Akwai shi a shagunan Makka da Madina da Dubai, akwai shi a bakin likitoci da injiniyoyi, akwai shi a darussan lissafi da na kwamfuta da ɗalibanmu ke kallo a YouTube. Dattawan da suka yi sakandare a Arewa tsakanin shekarun 1970 da 1980 kuwa, da yawansu malaman Pakistan da na Indiya ne suka koya musu kimiyya. Abin da aka fi kuka da shi shi ne sauri, ko kuma irin "t" da "d" ɗin nan da suke naɗe harshe wajen furtawa. Amma baƙaƙe ba su cika ɓatar da ma'ana ba, kwana biyu kunne ya saba da su. Inda ake yin ɓatan kai shi ne wasula. Su kuma wasulan nan ba iri ɗaya ba ne a bakin kowa: na mutumin Lahore daban, na mutumin Peshawar daban, na mutumin Karachi daban.

Wannan jagora na mai son ya riƙa fahimtar maganarsu ne ba tare da yawan "me ka ce?" ba, da kuma ɗalibin ilimin harsuna da ke son ya auna abin da kansa.

Mataki na farko: gano harshen gidan mai maganar

Urdu shi ne harshen ƙasa, amma ba shi ne harshen uwa na yawancin jama'a ba. A ƙidayar 2023, cikin mutane kusan miliyan 241, masu Punjabi sun kai kusan kashi 37 cikin ɗari, masu Pashto kashi 18, masu Sindhi kashi 14, masu Saraiki kashi 12, masu Urdu kashi 9, masu Balochi kashi 3 da ɗoriya. Ke nan mafi yawan waɗanda za ka ji suna Turanci, Turancin shi ne harshensu na uku: na gida, sai Urdu a makaranta da kasuwa, sannan shi. Wasulan da ke fita daga bakinsu sun ratso ta matattara biyu kafin su iso kunnenka.

Saboda haka kafin komai, ka san daga ina mutumin yake. Lahore, Faisalabad da Gujranwala ƙasar Punjabi ce. Peshawar, Swat da Mardan ta Pashto. Larkana da Sukkur ta Sindhi, Multan ta Saraiki. Karachi gari ne na kowa da kowa, amma nan ne cibiyar masu Urdu waɗanda iyayensu da kakanninsu suka yi ƙaura daga Indiya bayan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, kuma akwai Pashtun masu ɗimbin yawa a cikinsa. Sunan gari kawai bai isa ba a Karachi, sai ka tambaya.

Tambaya ta biyu ita ce makaranta. Akwai makarantun kuɗi da ake koyar da komai da Turanci ana rubuta jarrabawar Cambridge, akwai na gwamnati da ake koyarwa da Urdu ko Sindhi, akwai madarasa. Masanin harsuna Tariq Rahman, a binciken da ya wallafa a 1990, ya kasa Turancin ƙasar gida huɗu, daga wanda ya kusa zama na Ingila sak har zuwa na wanda ya tsinci harshen sama-sama. A ganina wannan tambayar ta makaranta takan fi ta gari nauyi. 'Yan Lahore biyu, ɗaya ɗan makarantar masu hali ɗaya ɗan ta gwamnati, suna iya bambanta fiye da yadda ɗan Lahore da ɗan Karachi na makaranta iri ɗaya za su bambanta.

Gargaɗi ɗaya: kada ka ɗauki 'yan asalin Pakistan da ke biranen Bradford ko Birmingham na Ingila a matsayin misali. Yawancinsu asalinsu yankin Mirpur ne, a ɓangaren Kashmir da ke hannun Pakistan, amma wanda aka haifa a can Turancin Birtaniya yake yi.

Mataki na biyu: riƙe wasulan Urdu goma a ka

Urdu yana da gajerun wasula uku da dogaye bakwai, ban da waɗanda ake furtawa ta hanci. Gajerun su ne waɗanda suke kira zabar, zer da pesh, wato fataha, kisira da rufu'a da almajiri ya sani. Dogayen su ne aa, ii, uu, ee, oo, sai wasu biyu da Hausa ba ta da su: wani ee mai buɗaɗɗen baki, da wani oo mai buɗaɗɗen baki. Punjabi da Sindhi ma tsarinsu ya yi kusa da wannan.

A nan Bahaushe yana da jari. Mu ma wasulanmu goma ne, biyar gajeru biyar dogaye, kuma tsawo yana canza ma'ana: gari na mazauna daban, gari na tuwo daban, ko da yake boko bai nuna bambancin ba. Kunnen da ya saba raba waɗannan ba zai sha wahala da ship da sheep ko full da fool a bakin mai Urdu ko mai Punjabi ba, domin suna raba su tsaf, kuma tsawo yana cikin abin da suke rabawa da shi.

Abin lura shi ne gajeren a ɗinsu. Bai kai namu buɗewa ba, yana tsakiyar baki ne, kamar an taƙaita shi. Da shi suke furta cup, bus, luck, da shi kuma suke furta wasalin farkon about. Mu a Arewa mukan ce "kap", 'yan Kudu su ce "kop". Na Pakistan ya fi kusa da namu, sai dai ya fi shi rufewa.

Mataki na uku: wasalin da ya fi ruɗa mu

Idan abu ɗaya kawai za ka koya, to ka koyi wannan. Kalmomin da mu muke furtawa da o, irin su office, doctor, college, coffee, hall, ball, 'yan Pakistan da yawa da dogon aa suke furta su, leɓɓa a sake ba a kewaye ba. Ba sai ka yarda da ni ba, rubutun Urdu da kansa shaida ne: duk waɗannan kalmomin da alif ake rubuta su. Mu muka aro muka ce ofis, su suka ce "aafis". Mu kwaleji, su "kaalij". Mu kofi, su "kaafii". Ƙwallon ƙafa kuwa "fut baal".

Matsalar da wannan ke haifarwa a fili take. Hot yakan matso kusa da heart, shop kusa da sharp, cot kusa da cart. Abin da ke ceton mai sauraro shi ne yawancinsu suna furta r a duk inda aka rubuta ta, ɗan kaɗawar harshe irin namu. Don haka idan ka ji "shaap" babu r, shago ake nufi. Idan ka ji "shaarp", kaifi ake nufi. Mu da muka gaji Turancin da ke haɗiye r a irin wannan wuri, dole mu koya wa kunne ya jira ta.

Wannan aa ɗin yana shiga har cikin tagwan wasalin oi. Kalmar oil a Urdu "aa'il" ake rubutawa, don haka mai sayar da man inji yana iya ce maka wani abu mai kama da aisle. Haka boy da buy, ko toy da tie, sukan kusanci juna a bakin wasu. Ba kowa ba: wanda ya yi makarantar Turanci zalla yakan kewaye leɓɓansa, kuma akwai masu amfani da buɗaɗɗen oo ɗin nan na Urdu a kalmomi kamar thought da law. Shi ya sa wannan wasali ya zama ma'auni mai kyau. Minti ɗaya da fara magana za ka gane ɓangaren da mutum yake.

Yadda za ka gwada: sami bidiyon wani ɗan Pakistan yana bayani, ka ɗauki takarda, duk inda ya faɗi not, problem, job, lot, cost, ka rubuta o ko aa. Kalmomin nan suna yawan fitowa, ba za ka jira ba. Idan aa ta rinjaya, to ka shirya jin ta a sauran wuraren.

Mataki na huɗu: pen, pan, pain

Gungu na biyu mai wahala shi ne wasulan gaba guda uku. Turancin Ingila yana da gajeren e a pen, buɗaɗɗen wasali a pan, da tagwan wasali a pain. Urdu ba shi da gajeren e mai zaman kansa, kuma a rubutunsa waɗannan kalmomi uku da haruffa iri ɗaya ake rubuta su. Haka test da taste, haka bed da bad. Yaron da ya fara ganin kalmar Turanci cikin rubutun Urdu a jikin allon shago, ba abin da zai nuna masa bambancin.

Ga abin da za ka ji. Pain, late, face, day ba su da zamewar nan zuwa i, dogon ee ne guda: "peen", "leet", "fees". Haka go, boat, home suke da dogon oo guda. Wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, mu ma haka muke yi, mutanen Scotland da na arewacin Ingila ma da yawa haka suke yi. Pan, bad, bank kuwa suna ɗaukar buɗaɗɗen ee, wanda a kunnen Bahaushe yake kama da e ɗin da aka ja. Mu muna cewa banki da a, su wani abu kusa da "beenk" suke cewa. Nan ne Bahaushe ke jin bed alhali bad aka ce, ko men alhali man aka ce.

Dabarar ita ce ka daina neman a a waɗannan kalmomi, ka koma sauraron abu biyu: tsawo da buɗewar baki. Gajere shi ne pen. Dogo mai buɗaɗɗen baki shi ne pan. Dogo mai matsattsen baki shi ne pain. Akwai masu jan wasalin pen har ya haɗe da ɗaya daga cikin biyun, kuma a nan babu dabara sai ma'anar jimla.

Mataki na biyar: wasalin da aka saƙala

Wannan shi ne mafi daɗin saurare, kuma shi ya fi saurin tona asalin mutum. Kalmar da ta fara da s da wani baƙi a manne, kamar school, station, student, kowane harshe da yadda yake warware cunkoson.

Mai Urdu yakan sa wasalin a gaba: "iskuul", "isteeshan", "istuudant". Mai Punjabi yakan sa shi a tsakiya: "sakuul", "sateeshan", "sapiid". Mai Pashto kuwa ba ya bukatar ko ɗaya, domin harshensa cike yake da kalmomin da ke farawa da baƙaƙe biyu har uku. Fari a Pashto "spin" ne, kamar yadda yake a sunan dutsen Spin Ghar. Saboda haka school a bakinsa yakan fita salin alin.

Mu a wannan fanni 'yan uwan Punjabi ne. Dubi sikeli, sitiyari, burodi, direba, fulawa: duk tsakiya muka saƙala wasalin. Abin da zai ba ka mamaki shi ne na gaba, domin kunnenka zai iya ɗaukar "istate" a matsayin estate, ko "isteem" a matsayin esteem, alhali state da steam ake nufi.

A ƙarshen kalma ma ana saƙalawa. Film yakan zama "filam", form ya zama "faaram", wanda kuma ya haɗu da farm, tunda o ta riga ta koma aa. Wanda aka ce ya cike "faaram" a ofishin jami'a, takarda ake nufi. Masu Sindhi kuma, tunda kalmomin harshensu bisa al'ada da wasali suke ƙarewa kamar na Hausa, wani lokaci za ka ji ɗan guntun wasali a bayan baƙin ƙarshe. (Sindhi da Saraiki suna da ɓ da ɗ irin namu, abin da ba kasafai ake samu a Asiya ta Kudu ba. Ba wasali ba ne, amma Bahaushe zai so ya sani.)

Wannan saƙalawar tana raguwa gwargwadon zurfin karatun Turanci, kuma mutum ɗaya yana iya barin ta a taro ya dawo da ita a hira.

Mataki na shida: Pashto na bukatar kunne na daban

Pashto ba dangin Urdu na kusa ba ne, yana ɓangaren harsunan Iran ne, shi da Balochi. Wasulansa bakwai ne a yawancin bayanai, kuma bai dogara da gajeren i da dogon ii yadda Urdu ya dogara ba. Shi ya sa a bakin wasu masu Pashto live da leave, ko pull da pool, suke matsowa kusa. Ƙari a kan haka f ba ta cikin asalin sautukan harshen, don haka takan koma p. Bahaushe ba shi da bakin dariya a nan. Amma haɗuwar abubuwan biyu tana iya sa fill, feel, pill da peel su yi kama, sai ka jingina da jimla.

Mataki na bakwai: gaɓoɓin da Bature ke haɗiyewa

Baturen Ingila yana danne gaɓa ɗaya a kalma ya raunana sauran. Ɗan Pakistan yakan ba kowace gaɓa haƙƙinta, kuma sau da yawa rubutu ne ke yi masa jagora. Wannan sauƙi ne gare mu, don mu ma haka muke. Wahalar tana zuwa ne idan nauyin kalmar ya koma wata gaɓa daban, wasalin da ka saba ji da ƙarfi ya shuɗe. Hotel a can "hootal" ne, kusan otal ɗinmu. Bird, shirt, work, nurse kuwa gajeren a ɗin nan ne da r a bayansa: "bard", "shart", "wark". Ka lura walk zai zama "waak", work ya zama "wark". Bambancin tsawo ne da r.

Mataki na takwas: inda za ka sami muryoyi

Jami'ar George Mason a Amurka tana da rumbun muryoyi a intanet mai suna Speech Accent Archive, inda mutane daga harsuna daban-daban suke karanta sakin layi guda. Akwai masu Urdu, Punjabi da Pashto, akwai ma Hausawa, kuma an rubuta garin haihuwar kowa da shekarun da ya fara koyon Turanci. Ka duba garin da kyau, domin masu Urdu da Punjabi na Indiya ma suna ciki, masu Pashto na Afghanistan ma haka. Sakin layin yana da kalmomi masu farawa da s da baƙi da yawa, ya dace da gwajin mataki na biyar.

Bayan nan sai hirarrakin 'yan wasan kurket bayan wasa, inda za ka ji Turancin da ba a shirya ba, daga kowane lardi. Jawaban shugabanni irin su Benazir Bhutto da Imran Khan, waɗanda dukansu sun yi karatu a Oxford, suna nuna maka ƙarshen sama ne na ma'aunin, ba abin da za ka ji a kasuwa ba. Jawabin Malala Yousafzai a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 12 ga Yuli 2013 yana da amfani ta wata fuska: ka kwatanta shi da hirarrakinta na shekarun baya-bayan nan, ka ji yadda wasulan mutum ɗaya ke sauyawa idan ya sauya mazauni.

Ka saurari guntu na daƙiƙa talatin sau uku. Karo na farko don ma'ana, na biyu don wasali ɗaya tak da ka zaɓa, na uku ka rage gudun bidiyon ka maimaita da bakinka. Wasalin da bakinka ya iya yi, kunnenka ba ya sake ɓatar da shi.

Ga mai son ya auna

Idan aikin digiri ne, kunne kaɗai ba ya wadatarwa, domin kunnen Bahaushe yana tura duk abin da ya ji cikin wasulan Hausa. Manhajar da ake amfani da ita ita ce Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, kuma kyauta ce.

Fara da jerin kalmomi. Tun binciken Peterson da Barney na 1952 aka saba sa wasali tsakanin h da d: heed, hid, head, had, hod, hood, who'd, heard da sauransu. Hikimar ita ce baƙin da ke biye yana taɓa tsawon wasali, bead ya fi beat tsawo, don haka dole mahallin ya zama ɗaya. Sai dai wasu kalmomin jerin baƙi ne ga wanda Turanci ba harshensa ba, idan ya ga hod zai yi cinta ne kawai. Gara ka zaɓi sanannun kalmomi masu ƙarewa da baƙi iri ɗaya, ka tabbatar ka taɓo duk rukunonin kalmomin Turanci 24 da masanin furuci John Wells ya tsara bisa wasulansu a 1982. Ka sa kowace kalma cikin gajeriyar jimla guda, a maimaita sau uku, a gauraye jerin.

Ka nemi izini kafin ka naɗi muryar kowa, ka rubuta harshen gida, gari, irin makaranta, shekaru, da ko ya taɓa zama a waje. Naɗin ya zama a ɗaki marar ƙara, a tsarin WAV. Saƙon murya na WhatsApp matse shi ake yi, yana iya gurɓata awo, kada ka gina bincike a kansa.

A cikin Praat ka yi alama a farko da ƙarshen kowane wasali, ka ɗauki tsawonsa, sannan ka karanta F1 da F2 a tsakiyarsa, wato mitocin amo biyu da ke bambanta wasali da wasali, waɗanda ake aunawa da hertz (Hz). F1 yana hawa idan baki ya buɗe: a muryar namiji ii yana wajen 300, aa yana wajen 700. F2 yana hawa idan harshe ya matso gaba. Iyakar sama ta mitar da ake sa wa Praat wajen wannan awo ita ce Hz 5000 ga maza, 5500 ga mata. Ga face da goat kada ka tsaya a tsakiya kawai, ka auna kusa da farko da kusa da ƙarshe, domin tazarar da ke tsakaninsu ce za ta nuna ko wasali guda ne ko tagwai. Kuma tunda girman maƙogwaro ya bambanta, ba a kwatanta ɗanyen adadin namiji da na mace, sai an daidaita su, galibi da hanyar Lobanov.

Kuskuren da ya fi yawa a irin wannan aiki shi ne a tara mutum goma daga jami'a ɗaya a kira sakamakon "Turancin Pakistan". Ka raba su bisa harshen gida, ka faɗi iyakar abin da ka auna. Sannan bayan karatun jerin kalmomi, ka ja kowa da hira ta minti biyar kan abinci ko kurket, na'ura na kunne. Wanda ya karanta "school" tsaf a takarda, a hirar ne za ka ji ko "iskuul" yake cewa ko "sakuul", sai ka auna biyun ka ajiye su a shafi daban-daban.